Kulki daidai hannu

A Malbaza, idan damina ta faɗi, manomi ba ya ba ɗansa babbar hauya. Yakan je wurin maƙeri a yi masa ƙarama mai gajeruwar ƙota, don kada yaro ya gaji tun da hantsi.

Haka ƴan wasan besbol suke yi a Amurka. A wannan wasa, mutum ɗaya yana jefo ƙwallo da ƙarfi, wani ya buge shi da kulki. Kulkin yawancin ɗaliban lise yana da tsawon santimetir 79 zuwa 86. Mai santimetir 81, nauyinsa wajen garam 820 ne.

Yaya ɗalibi yake zaɓen nasa? Sai ya ɗora gindin kulkin a tsakiyar ƙirjinsa, ya miƙa hannu gefe. Idan yatsunsa sun taɓa kan kulkin, tsawo ya yi. Saura nauyi: ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ƙidaya har 30. In hannun ya sauko, kulkin ya fi ƙarfinsa. Yara da yawa suna kwaɗayin babba, amma kafin su juya shi, ƙwallo ya wuce.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake ba yaro ƙaramar hauya?
2. Auna daga tsakiyar ƙirjinka zuwa kan yatsunka. Santimetir nawa ne?