JIN ƊUMI A LOKACIN HUNTURU: Darasi Daga Murhun da Ke Cin Masara

Gabatarwa

Duk shekara daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan taso daga Hamadar Sahara ta lulluɓe mu da hazo da ƙura. A Gwandu da Kalgo da sauran garuruwan Jihar Kebbi, rana takan yi zafi sama da digiri 30, amma da asuba ma'auni yakan sauko wajen digiri 15, wani lokaci ma ƙasa da haka. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, tsofaffi da jarirai su kwana suna tari. A irin wannan lokaci ne ake ɗebo garwashi a kasko a shiga da shi ɗaki.

A wannan darasi za mu duba yadda mutanen wata ƙasa mai tsananin sanyi suke ɗumama gidajensu da murhu mai cin masara, sa'an nan mu ga abin da za mu ɗauka daga wurinsu da wanda za mu bar musu. Muna roƙon ɗalibai su karanta wa iyayensu shi idan sun je hutu, domin maganar ta shafi rai.

1. Murhun masara da yadda yake aiki

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai jihohi irin su Ayowa da Ilinoi da Minesota, inda ake noman masara mai yawan gaske. Sanyinsu ba irin namu ba ne. Ƙanƙara takan rufe ƙasa wata da watanni, ma'auni kuma yakan kai digiri 20 ƙasa da sifiri. Wanda bai ɗumama gidansa ba yana iya mutuwa a cikinsa. Bayan tsadar man fetur ta shekarar 1973, mutane suka shiga neman makamashin da ya fi araha. A shekarun 1980 aka fara sayar da murhun da ke cin 'yan ƙananan curi na garin katako, waɗanda inji yake matsewa su fito kamar guntayen alli, kaurinsu wajen milimita 6. Akwai kuma irin wannan murhu da ke cin tsabar masara busasshiya, ko curin da aka yi da totuwa da kara.

Duk wanda ya taɓa kai niƙa zai gane yadda murhun yake. A samansa akwai mazubi kamar na injin niƙa, inda ake juye masarar. A ƙarƙashin mazubin akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe irin na injin markaɗe, yana juyawa a hankali, yana tura 'yan ƙwayoyi kaɗan-kaɗan cikin wani ɗan kasko inda wutar take. Fanka ɗaya tana ba wutar iska, tana kuma kora hayaƙin waje ta cikin bututu. Wata fankar tana hura iskar ɗakin ta jikin ƙarfen da ya yi zafi, sai ɗakin ya ɗauki ɗumi. Wutar tana rufe cikin akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi, saboda haka mutanen gida ba sa shaƙar hayaƙinta.

Murhun yana da sharuɗɗa. Dole masarar ta bushe sosai, danshinta kada ya wuce kashi 15 cikin 100. Dole a riƙa kwashe toka, da wani dunƙule mai tauri da masara take bari a kaskon. Kuma sai da lantarki, domin idan wuta ta ɗauke, fanka da ƙarfen nan duk sun tsaya.

2. Me ya sa ba za mu ƙona hatsi ba?

Bari mu yi ɗan lissafi. A lokacin sanyi, irin wannan murhu yana iya cin masara wajen kilo 25 a kwana ɗaya. Ke nan buhu mai kilo 100 ba zai wuce kwana 4 ba. A ce wani gida a Kalgo yana cin hatsi kilo biyu da rabi a rana. Abin da murhun ya lanƙwame a kwana ɗaya zai ciyar da gidan kwana 10.

To, me ya sa su suke yin haka? Amurka tana noma masara sama da tan miliyan 300 a shekara, kuma mafi yawanta dabbobi ne suke ci, ko a yi man mota da ita. A shekarun da farashinta ya faɗi, manomi yakan ga gara ya ƙona tasa da ya sayi gas. Mu kuwa, Nijeriya gaba ɗaya abin da take nomawa yana tsakanin tan miliyan 10 da 13, kuma da ita ake tuwo da koko. A yankinmu ma gero da dawa da shinkafa sun fi ta yawa. Wanda ya zuba hatsi a wuta a ƙasar da maƙwabcinsa yake auna mudu da kyar, ai kowa zai ce ya taɓu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Amma murhun yana da hikima guda uku waɗanda ba su da alaƙa da ƙona abinci. Na ɗaya, makamashinsa busasshe ne, kuma daga gona ya fito, ba a sare itace ba. Na biyu, ana ba wuta iska daidai bukatarta, sai ta ci da kyau. Na uku, hayaƙi yana da hanyar fita waje. Idan muka auna kaskonmu da waɗannan abubuwa uku, za mu ga inda muka gaza.

3. Haɗarin kasko a rufaffen ɗaki

Kakanninmu sun san dabarar jin ɗumi. Sukan gina gadon ƙasa mai kogo a ƙarƙashi, a zuba garwashi a ciki. Sai dai ɗakunansu na jinka ne, iska tana shiga tana fita ta cikin ciyawa, ƙofa kuma asabari ne ko tufaniya. Yau muna da ɗakin siminti da rufin kwano da silin, da ƙofar ƙarfe, da taga mai gilashi. Idan sanyi ya yi, har tsumma ake cusawa a ƙarƙashin ƙofa. Ɗaki ya canja, kasko bai canja ba.

Wuta tana bukatar iskar oksijin, wadda mu ma ita muke shaƙa. Idan gawayi yana ci a inda iska ta yi ƙaranci, sai ya riƙa fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa hawaye. Shi ya sa kuskure ne babba a ce garwashi ya daina hayaƙi, don haka babu komai. Jan garwashin da ba ya hayaƙi yana fitar da ita sosai.

A cikin jininmu akwai wani sinadari mai suna himogulobin, wanda aikinsa ɗaukar oksijin zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Wannan guba tana kama shi fiye da yadda oksijin yake kama shi sau 200 da ɗoriya. Da ta shiga, sai ta hau kujerar oksijin ta zauna. Alamun farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Wanda yake farke yana iya tashi ya fita. Wanda yake barci kuwa, daga barcin sai suma, daga suma sai mutuwa. Idan aka wayi gari aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya a sheme, akan zargi abincin dare, ko iskoki, ko wani maƙiyi, alhali mai laifin yana nan a tsakar ɗaki ya zama toka. Janareta da aka tayar a cikin gida ko a bakin taga ita ma wannan gubar take fitarwa.

Hayaƙin da ake gani shi ma ba a bar shi a baya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Mata da ƙananan yara sun fi kowa shaƙarsa, domin su ne a bakin murhu.

4. Itace yana ƙarewa

Murhunmu na duwatsu uku ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Cikin zafin da itace yake bayarwa, abin da ke kai wa ga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Gawayi ma, yadda ake ƙona shi a daji a ƙarƙashin ƙasa, sai an ci itace kilo 5 ko fiye kafin a sami kilo ɗaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kaya suka yi tsada, gidaje da yawa suka koma ga itace da gawayi.

Kebbi tana cikin jihohi 11 na Arewa da hamada take yi wa barazana, waɗanda aka sa cikin shirin dasa katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Abin tunani ne a ce kalgo sunan itace ne da kowa ya sani a dajin ƙasar Hausa. Kada a wayi gari jikokinmu su san sunan a bakin tasha kaɗai, ba su taɓa ganin itacen ba.

5. Makamashin da muke zubarwa

Jiharmu ta yi suna wajen noman shinkafa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, kuma a 2017 aka buɗe babbar masana'antar gyaran shinkafa a Argungu. Duk buhun shanshera mai kilo 100, wajen kilo 20 buntu ne. Sau da yawa akan tara shi tsibi-tsibi a bayan injin, ya yi ta cin wuta a banza. A ƙasar Filifin, wani injiniya mai suna Alexis Belonio ya ƙera murhun da ke mai da buntu iskar gas mai shuɗiyar wuta, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2008. A nan kusa da mu kuma, Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan murhu mai tsimin itace.

Ban da buntu, muna da totuwar masara, da karan gero da na dawa, da ɓawon gyaɗa. Ga yadda ake mai da totuwa ko kara curin gawayi:

(a) A sami duro na ƙarfe, a huda ramuka a gindinsa, a ɗora shi a kan duwatsu uku a fili, nesa da ɗaki da rumbu.

(b) A cika shi da busasshiyar totuwa ko yankakken kara, a kunna wuta ta ƙasa.

(c) Da farko hayaƙi zai fito fari mai kauri. Idan ya tsinke, sai a rufe bakin duron, a janye duwatsun, a toshe ko'ina da ƙasa don kada iska ta shiga.

(d) Bayan ya huce sarai, a kwashe gawayin a daka shi.

(e) A dama ɗan garin rogo kamar koko, a kwaɓa garin gawayin da shi har ya riƙa kama jikinsa.

(f) A danna shi sosai cikin gwangwanin tumatir, a juye, a shanya kwana da yawa har ya bushe ƙarau.

Sai dai a kula da abu biyu. Kara yana da masu shi: dabbobi suna ci, ana darni da shi, gona ma tana bukatar a bar mata wani don ƙasa ta yi ƙarfi. A ɗauki rarar kawai. Sa'an nan curin nan gawayi ne, gubarsa ɗaya da ta kowane gawayi. Ya rage sarar itace, amma bai ba kowa izinin kwana da shi a ɗaki ba.

6. Dokokin jin ɗumi

Na ɗaya, a kunna gawayi a waje, a ji ɗumi a tsakar gida ko a rumfa inda iska take wucewa.

Na biyu, idan ya zama dole a shiga da kasko ɗaki, a bar taga a buɗe, kuma a fitar da shi kafin kowa ya kwanta.

Na uku, a ɗumama jiki maimakon ɗaki: bargo, da hula, da safa, da shimfiɗa mai kauri tsakanin mutum da siminti. Dutse ko tubalin da aka gasa a murhu aka naɗe da tsumma yana ba da ɗumi, ba ya kuma fitar da guba.

Na huɗu, mai jego da jariri da tsoho da mai asma sun fi kowa saurin galabaita. A nisanta su da hayaƙi, a nisanta yara da kasko, domin hunturu lokacin gobara ne.

Na biyar, idan mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka ji ciwon kai da jiri a tare, a buɗe ƙofa a fita nan take. Wanda ya suma a fitar da shi sarari, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura masa madara ko manja, don zai iya shaƙewa.

Na shida, mai gina sabon kicin ya sa wa murhunsa bututun da zai kai hayaƙi bisa rufi. Maƙeranmu da masu walda za su iya yin sa da guntun kwano.

Kammalawa

Murhun masara na mutanen ƙanƙara ne masu rarar hatsi da lantarkin da ba ya ɗaukewa. Namu rabon daga cikinsa shi ne mu nemi makamashi a cikin abin da gona ta bari, mu busar da shi, mu ba wuta iska, mu nuna wa hayaƙi hanyar waje. Rigakafi ya fi magani. Ɗalibin da ya tashi cikin dare ya fitar da kasko daga ɗakin kakarsa, ko da za ta yi masa faɗa, ya ci jarrabawar wannan darasi.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa uku da murhun masara yake yi waɗanda kasko ba ya yi.

2. Idan murhu yana cin kilo 25 a kwana, buhu nawa mai kilo 100 zai ci a kwana 60?

3. Me ya sa garwashin da ba ya hayaƙi yake da haɗari?

4. Aikin hutu: ka tambayi mai injin casar shinkafa a garinku abin da yake yi da buntu, ka rubuto mana amsarsa.