AWON JINI: ABIN DA TAKARDAR ASIBITI TA KE FAƊI

Jama'ar ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, wannan bayani naku ne. Wanda ya iya karatu ya tara mutanen gida, maza da mata, ya karanta musu, don kowa ya ji.

Sau da yawa mutum ya kan je asibiti, a ɗebi jininsa, a ba shi takarda cike da lambobi da baƙaƙen Turanci. Ya komo gida bai san abin da ta ce ba. Wani ya tsorata, ya kasa barci. Wani ya kai wa mai kemis, a haɗa masa magunguna barkatai. Wani kuwa ya cusa ta ƙarƙashin tabarma, har ciwo ya ci ƙarfinsa. Duk ukun nan sun yi hasarar kuɗinsu da wahalarsu.

Ku riƙe wannan tun daga farko: takardar awo shaida ce, likita shi ne alƙali. Alƙali kuwa ba ya yanke shari'a sai ya ji ta bakin mai ƙara. Haka likita ya kan gama abin da takarda ta ce da abin da ya gani a jikinku, da abin da kuka gaya masa, sa'an nan ya ba da magani.

1. Kada ku ji tsoron ɗibar jini

Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Abin da a ke ɗiba don awo bai fi cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, wani awon ma ɗigo ɗaya ne daga ɗan yatsa. Jiki ba ya jin rashinsa, nan da nan ya ke mayar da shi.

Waɗansu suna cewa wai sayar da jinin a ke yi. Ku auna maganar da hankalinku. Leda ɗaya ta jinin da a ke ƙara wa majinyaci tana ɗaukar wajen cokali 90. Ɗan abin da ke cikin kwalbar awo ba shi da amfanin kome in an gama dubawa, zubar da shi a ke yi.

Abu biyu hakkinku ne. Na ɗaya, a ɓare sabuwar allura a gabanku. Na biyu, abin da awo ya nuna asirinku ne, tsakaninku da ma'aikacin lafiya.

2. Kalmomi biyu da za ku riƙa gani

Akwai kalmar Turanci da a ke karantawa "fozitif", ko a sa alamar +. Ma'anarta, an ga abin da aka nema. Akwai kuma "negetif", ko alamar −. Ma'anarta, ba a gan shi ba. To, ku lura: awo ba ya ganin kome sai abin da aka aike shi nema. In an auna zazzaɓin cizon sauro an sami negetif, wannan bai ce kome ba game da hanta ko sukari. Saboda haka kullum ku tambaya, "Malam, awon mene ne aka yi mini?"

3. Zazzaɓin cizon sauro

Wannan shi ne awon da aka fi yi a ƙasarmu, tun ba daga tsakiyar damina zuwa kaka ba, sa'ad da fadama da kududdufai suka cika da sauro. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin yara 22 cikin 100 a Nijeriya duka. A Jihar Kebbi, maƙwabciyarmu, ya sami 49 cikin 100.

A kan soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a wani ɗan farin allo, a jira minti 15 zuwa 20. In layi ɗaya ya fito wajen harafin C, babu cutar. In biyu suka fito, wajen C da T, akwai ta. In babu layi wajen C, allon ya lalace, sai a sake. A babban asibiti a kan duba jinin da madubin likita, a rubuta +, ko ++, ko +++, gwargwadon yawan ƙwayoyin.

In an ga cutar, a sha magani kwana 3 cur, ko da jiki ya yi sauƙi tun ran farko. Allon nan ya kan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke, don haka ku gaya wa malamin asibiti in an sha magani kwanan baya.

In ba a gan ta ba, ga kuwa jiki da zafi, kada ku matsa a ba ku maganinta. Zafin jiki yana da iyaye da yawa: ciwon huhu, ƙyanda, sanƙarau da sauransu. A nemi ainihin dalili. Yaron da ya ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko ya ke amar da kome, ko wuyansa ya sanƙare, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

4. Ƙarancin jini

Za ku ga haruffa uku, PCV, da lamba a gabansu. Lambar nan tana nuna kashi nawa cikin 100 na jininku ne jajayen ƙwayoyi, watau masu kai iska ko'ina a jiki. Namiji lafiyayye ya kan sami 40 zuwa 50. Mace ta kan sami 36 zuwa 46. Mai ciki in ta gaza 33, jininta ya yi ƙaranci. In lambar ta sauka wajen 21 ko ƙasa, akwai haɗari babba, mai yiwuwa sai an yi ƙarin jini.

Alamunsa su ne kasala, da jiri, da haki, da farin tafin hannu da na cikin ido. Amma sanin jini ya ragu rabin aiki ne. Tulun da ke yoyo ba ya cika sai an toshe kafar. Abubuwan da ke shanye jini a ƙauyukanmu su ne zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da tsargiya da yara ke ɗauka wajen wanka a tafki, da haihuwa kusa da kusa, da abinci mara gina jiki. Ku ci wake, da zogale, da alayyafo, da kifi, da hanta in da hali. Maigida, ka bar matarka ta je awon ciki tun da wuri, ta kuma sha ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta kullum.

5. Taifot

Akwai wani awo mai suna Widal, wanda ya kan fito da lambobi kamar 1:80 ko 1:160. Mutane da yawa da sun gan su sai su ce, "Shi ke nan, taifot gare ni." Ba lalle ba ne. Awon nan ba ƙwayar cutar ya ke gani ba, sawun da ta bari ya ke gani. Wanda ya taɓa yin ciwon tuntuni, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ke damunsa, lambarsa tana iya hawa. Awon da ke tabbatarwa shi ne a rena jinin a ɗakin gwaji kwanaki kaɗan, a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Kada ku sayi allurai da kafso saboda lambar Widal kaɗai. Shan su ba bisa ƙa'ida ba ya kan sa su daina aiki ran da a ke bukatarsu.

6. Amosanin jini, watau sikila

Wannan gado ne, ba a ɗaukarsa wajen wani, ba kuwa aikin maye ko iska ba ne. Kowane mutum ya gaji harafi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Mai AA ba shi da shi. Mai AS lafiyarsa lau, amma yana ɗauke da irin. Mai SS shi ne mai ciwon. Wajen mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da irin.

Ku gwada wannan a gida. Ku sami ƙwarya biyu, ɗaya ta miji, ɗaya ta mata. Ku sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya a kowace. Ku rufe ido, ku ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowace ƙwarya. In ja biyu suka zo, ɗan SS ke nan. Ku mayar, ku sake ɗauka. In kun yi ta yi, za ku ga ja biyu suna zuwa kamar sau ɗaya cikin huɗu, amma wani lokaci su zo sau biyu ko uku a jere. Haka ya ke ga AS da ya auri AS: kowane ciki sabuwar ɗauka ce.

Saboda haka a yi awon nan tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, kada a bari sai an sa rana. A watan Mayu na 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta awon sikila, da ciwon hanta, da ƙanjamau kafin a ɗaura aure. Ku ba sai kun jira an tilasta muku ba.

Kada ku gama wannan da rukunin jini, watau A, B, AB da O. Shi rukuni amfaninsa wajen ƙarin jini ne. Alamar + da ke gabansa, kamar O+, ba ciwo ba ce. Amma mai ciki da rukuninta ke da alamar − ta gaya wa ungozomar asibiti, gama akwai allurar da a ke yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa, don tsare 'ya'yan da za ta haifa nan gaba.

7. Ciwon hanta da ƙanjamau

Haruffan HBsAg awon ciwon hanta iri na B ne. Binciken ƙasa na 2018 ya same shi a jikin manya wajen 8 cikin 100, galibinsu kuwa ba su san suna da shi ba. In ya nuna fozitif, a sake bayan wata 6, gama yawancin manya da suka ɗauka jikinsu ya kan kore shi. In yana nan har yanzu, likita zai riƙa duba hantar. A auna mutanen gida, a yi wa marasa shi rigakafi. Jariri kuwa a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, domin jariran da suka ɗauka wajen haihuwa, wajen 9 cikin 10 da shi su ke girma. Ba a ɗaukarsa ta cin tuwo akushi ɗaya ko ta gaisawa. Ta jini a ke ɗauka, da kwanciyar aure, da haihuwa. Ku tabbata wanzami ya sa sabuwar aska wajen aski, da kaciya, da ƙaho.

Ƙanjamau kuwa ba a tabbatar da shi da awo ɗaya, sai an maimaita da wani iri dabam. Wanda bai daɗe da ɗauka ba yana iya nuna negetif, don haka mai shakka ya sake bayan wata 3. Wanda aka tabbatar yana da shi, akwai magani kyauta a asibitocin gwamnati. Mai shansa kullum ya kan yi nomansa, ya rayu kamar kowa, mace kuma ta haifi ɗa lafiyayye.

8. Sukari da hawan jini

Awon sukari da safe a ke yinsa, kafin karin kumallo, bayan an yi awa 8 ba a ci kome ba sai ruwa. Ƙasa da 100 lafiya ne. In ya kai 126 ko fiye, a sake wata rana. In ya maimaita, ciwon sukari ne. Waɗansu asibitoci da wani ma'auni su ke aiki, a nasu lambar ita ce 7. Mai yawan ƙishirwa, da yawan fitsarin dare, da rama, da gyambon da ya ƙi warkewa, ya je a auna shi.

Hawan jini kuwa ba yawan jini ba ne, ƙaho ba ya rage shi. Ƙarfin bugun jini ne a jijiyoyi, da ɗamara a dantse a ke auna shi. In ya riƙa kai 140 bisa 90, a nemi magani, ko da ba a jin ciwon kome.

9. Gubar dalma

A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Da farko ba a gane dalili ba, sai awon jini ya nuna dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinariya da a ke daka a cikin gidaje. In wani naku yana zuwa haƙar zinariya, kada ya kawo dutse gida, ya kuma wanke jikinsa da tufafinsa kafin ya taɓa yara. Yaron gidan da ya ke jijjiga ko ciwon ciki, a gaya wa likita sana'ar gidan, don shi awon dalma ba a yinsa sai an nema musamman.

10. Abin da za ku riƙe

Ƙaramin asibitin garinku yana iya awon zazzaɓi. In abin ya fi ƙarfinsa, a tura ku Babban Asibitin Tambuwal ko na Kebbe, in ya fi nan kuma sai Sakkwato, Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In an tura ku, ku tafi da wuri.

Ku duba sunan da ke kan takarda, ku tabbata naku ne.

Ku mayar da ita ga wanda ya aike ku awon, kada ku kai wa mai tallan magani.

Ku yi tambaya uku: Me aka gani? Me zan yi? Yaushe zan komo?

Ku gaya wa likita duk maganin da kuka sha, na kemis da na gargajiya.

Kada wani ya sha magani da takardar wani.

Ku adana takardun kowa a leda, a sa cikin akwati inda gara da ruwa ba su kai ba. Ta bara ita ke nuna wa likita ko ta bana gaba aka yi ko baya.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.