Daren gishiri bai wuce ba, waya kawai ya shiga

A farkon watan Agusta na 2014, makonni kaɗan bayan Patrick Sawyer ya shigo Legas da cutar Ebola, wani saƙo ya karaɗe Najeriya cikin dare ɗaya: a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha. Uwa ta kira 'yarta, aboki ya buga wa aboki, kowa yana ganin ceton ɗan'uwansa yake yi. Aka tayar da yara daga barci, tsofaffi masu hawan jini suka ɗirki ruwan gishiri. Kafin Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya ƙaryata, aikin gama ya gama: aƙalla mutum 2 sun rasu, an kwantar da kimanin 20 a asibiti. Ebola kuwa ko Arewa ba ta leƙo ba, mutum 8 ta kashe a duk ƙasar. Abin da ke ƙona mana rai, mu ma'aikatan lafiya, shi ne a wancan lokacin galibi saƙon rubutu ne da kiran waya. Yau ƙaryar tana da fuska, tana da murya, tana sanye da farar rigar likita, kuma mutanenmu sun yarda gani ya kori ji.

Masana sun auna wannan ɓarna. A 2020 wasu masu bincike a Kanada sun tantance bidiyo 69 da aka fi kallo a YouTube kan korona, suka tarar 19 suna ɗauke da bayanan ƙarya, an kuma kalle su sama da sau miliyan 62. To, amma bidiyon Turanci kaɗai suka duba. Abin da ke isa garuruwanmu na Kebbi irin su Kaoje, Tsamiya, Lolo da Illo daban ne: guntun bidiyo da Hausa ko Fulfulde, wani da Faransanci daga ƙetaren iyakar Binin, an yanko shi daga TikTok, an tura ta WhatsApp, an zuba wa mutum a memori wurin mai cajin waya. Wannan ba ya shiga lissafin kowa. Binciken da ya tona ƙaryar yana can cikin mujallu, 'yan boko ne ke karanta shi, ita kuwa ƙaryar tana yawo har ruga.

Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne gare mu. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna yara 49 cikin 100 a Kebbi na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, babu jihar da ta kai mu. Ganin haka aka fara allurar rigakafin R21 a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024, allura huɗu: wata 5, 6, 7 da 15. Uwar da ta tsaya a ta biyu saboda wani bidiyo ta bar ɗanta da kariyar da ba ta cika ba.

Wani zai ce ai ba banza ake tsoro ba, ga gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996. Gaskiya ne, an cuci yara, kuma tambaya haƙƙin kowane uba ne. Amma mu tuna abin da tsoro ya jawo a 2003: an dakatar da rigakafin shan inna a Kano har Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, 'ya'yanmu ne suka gurgunce. Wani kuma zai ce akwai likitocin gaske a TikTok. Akwai su, kuma muna buƙatar ƙari da harsunanmu. Sai dai likitan gaske ba ya rubuta magani ga wanda bai duba ba, ba ya cewa kwalba ɗaya na warkar da sanyi, basir, shawara da ciwon suga, sannan ya liƙa lambar asusu. Wannan mai lasifikar kasuwa ne da ya sayi waya. Takaicin shi ne sai an ajiye maganin hawan jini, an sha jiƙonsa har ƙafa ta kumbura, sannan a kawo mana mutum ranga-ranga a ce mu yi wani abu!

Jama'a, kada ku bar maganin asibiti saboda bidiyo. Kada ku ɗura wa jariri abin da kuka gani a waya. Ku duba lambar NAFDAC. Iyaye mata, ku cika allura huɗun nan, ku adana kati. Abin da ya ɗaure muku kai, ku kawo wayar asibiti mu kalla tare. Na sake faɗa, kada ku bar maganinku. Wanda ya tura bidiyon da bai tabbatar ba, yana da kamasho a duk abin da ya biyo baya.