Kiwon Zabi Tare da Kaji

Mu mazaunan kudancin kogin Kaduna, gidajenmu a matse su ke. Tun da aka buɗe masaƙa a Kakuri cikin 1957 jama'a suka yi ta zuwa, har Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa suka cika. To, shi zabo asalinsa tsuntsun daji ne, yana son fili. In muka sayo manyan zabi a kasuwa muka sake su, sai su tsallake katanga. Su shiga lambun maƙwabci, ko su hau titi mota ta take su. Ga hasara, ga faɗa da maƙwabta.

Dabara ita ce mu fara da ƙwai. Zabuwa takan yi ƙwai da damina, amma ba ta iya reno ba. Takan ja 'ya'yanta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, sanyi ya kashe su. Saboda haka sai mu nemi kaza mai kwanci, mu sa mata ƙwan zabi 12 zuwa 15. 'Ya'yan da ta ƙyanƙyashe za su ɗauka ita ce uwarsu. Inda ta ci, nan za su ci. Inda ta kwana, nan za su kwana. Da haka su ke sanin gida.

Mu lura da lissafin kwanaki. Ƙwan kaza kwana 21 ya ke yi, na zabuwa kuwa kwana 26 zuwa 28. In za mu haɗa su, mu fara sa na zabi da mako guda. In ba haka ba, da kaza ta ga 'ya'yanta sun fito, sai ta tashi ta bar sauran su lalace.

'Yan tsakin zabi ba su son laima. Mu riƙa tsare su cikin akurki da safe har raɓa ta bushe, sai sun kai mako 6. Mu ba su ɓarzajjen gero da gara. Ruwansu kuwa cikin ƙaramin kasko, mu zuba tsakuwa a ciki don kada su nutse.

In sun girma sai hali ya fito. Lokacin ƙwai mazan zabi sukan kori zakaru, su hana kaji cin abinci. Maganin wannan, mu zuba dusa da hatsi wuri biyu, nesa da juna, mu kuma rage mazan. Yaya za mu gane su? Da kuka. Kukan mace gaɓa biyu ne, na namiji gaɓa ɗaya.

Zabi suna son kwana bisa itace. Mu saba masu da hatsi kowace yamma a bakin akurki, mu gitta masu sanda a sama inda za su hau. Wanda ya cika tashi, mu rage gashin fiffikensa ɗaya da almakashi. Zabuwa kuma takan ɓoye ƙwanta cikin ciyawa. In mun gano wurin, kada mu kwashe duka. Mu bar 2 ko 3, in ba haka ba ta sake wuri.

Annobar da ke kashe kaji da hunturu tana kama zabi su ma. Ana yin maganin rigakafinta a Vom, kusa da Jos. Mu nemi malamin dabbobi ya yi wa duka tun ciwo bai zo ba.

Wahalarmu ba ta banza ba ce. Zabi suna cin fara da ƙwari. In sun ga shirwa ko maciji sukan yi kururuwa, kaji su ɓuya. Ƙwansu yana da ƙwarin ɓawo, ya fi na kaza daɗewa bai lalace ba.

Tambayoyi
1. Don me mu ke sa wa kaza ƙwan zabi?
2. Kwana nawa ƙwan zabuwa ya ke yi?
3. Yaya za mu hana zabi korar kaji?