Amsoshin Tambayoyinku: Asalin Lissafin Sifili da Ɗaya

Wani mai sauraro daga Dawakin Tofa a Jihar Kano ya nemi bayani kan asalin lissafin sifili da ɗaya, da yadda yake tafiyar da kwamfuta da wayar hannu.

Wannan lissafi, wanda ke rubuta kowace lamba da alamomi biyu kacal, masanin Jamus Gottfried Leibniz ne ya fayyace shi a 1703, kodayake tsarin zaɓi tsakanin abu biyu ya daɗe, domin ko siffofi 16 na bugun ƙasa da aka sani a ƙasar Hausa, kowace siffa layuka huɗu ce masu ɗigo ɗaya ko biyu. A 1854 George Boole, mutumin Ingila, ya mayar da ilimin mandiƙi, wato auna hujja, zuwa lissafi, inda kowace magana ke zama gaskiya ko ƙarya, wato ɗaya ko sifili, sannan a 1937 Claude Shannon ya nuna a Amurka cewa makunnan lantarki za su iya aiwatar da waɗannan ƙa'idoji.

Idan aka jera makunnai biyu a kan waya guda, fitila ba za ta kama ba sai an kunna su duka, wannan ita ce ƙofar "da". Idan kuwa kowanne yana da hanyarsa, ɗaya ma ya wadatar, wato ƙofar "ko". Tiransista, ɗan ƙaramin makunni da aka ƙirƙiro a 1947, shi ke wannan aiki yanzu, kuma miliyoyinsa ne ke cikin na'urar POS da fataken hatsi ke karɓar kuɗi da ita a kasuwar Dawanau.