Harshen Damo a Bayanan Likita: Nazarin Lambobin Ciwon Sukari a Amurka

1.0 Gabatarwa

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 2015, asibitocin Amurka ke amfani da kundin ICD-10-CM wajen bai wa kowace cuta lamba. Kundin ya samo asali ne daga jadawalin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Da lambobin ake neman kuɗi daga kamfanonin inshora, da su kuma ake ƙididdigar masu fama da cuta. Wannan muƙala ta dubi yadda harshen damo a rubutun likita ke hana a tantance lambar da ta dace da mai ciwon sukari.

2.0 Lafazi Ɗaya, Ma'ana Biyu

Tsohon kundi, wato ICD-9-CM, ya tanadi lamba 250.02 ga ciwon sukari nau'i na biyu wanda "ba a shawo kansa ba". Sabon kundi ya yi watsi da wannan rukuni, domin lafazin yana ɗaukar ma'ana biyu masu karo da juna: ko dai sukarin jini ya hau, ko kuwa ya faɗi ƙasa. Hawan sukari lambarsa E11.65, faɗuwarsa ba tare da doguwar suma ba kuwa E11.649. Saboda haka idan likita ya tsaya ga wancan lafazi, wajibi ne jami'in lambobi ya koma ya nemi ƙarin bayani.

Abin lura shi ne, idan likita ya rubuta cewa ciwon "bai shawu sosai ba", fihirisar kundin kai tsaye takan mai da shi hawan sukari. A nan yarjejeniyar ma'abota sana'a ce ta yanke ma'ana, ba ƙamus ba.

3.0 Iyakar Jami'in Lambobi

Jami'in ba shi da hurumin ɗora lamba bisa sakamakon gwajin jini kaɗai, komai yawan adadin, sai likita ya ambaci hawan da alƙalaminsa. Idan ba a faɗi nau'in ciwon ba, akan ɗauke shi nau'i na biyu. Mai amfani da insulin na dogon lokaci a wannan nau'i ana ƙara masa Z79.4.

4.0 Kammalawa

Bayani maras fayyacewa yakan jawo jinkirin biya, ya kuma ɓoye tsananin ciwo a takardun majiyyaci. Darasin ga masu ƙirƙirar kalmomin lafiya da Hausa shi ne su riƙe bambancin da Bahaushe ya riga ya yi tsakanin "sukari ya hau" da "sukari ya sauka", kada su dunƙule su cikin lafazi guda.