Sauke Mota da Bulon Ƙarfe: Abin da Bidiyon Tsere Ba Ya Nunawa

Matasa da dama a Gusau na kallon bidiyon tseren motoci na Amurka a TikTok, inda mota ke cinye mita 402 cikin 'yan daƙiƙu, gindinta kamar zai taɓa kwalta. A motoci masu sifirin mai ganye-ganye, hanya mafi arha ta sauke su ita ce cusa bulon ƙarfe tsakanin aksul da sifirin.

Amma sai aksul ɗin yana saman sifirin ne bulon zai sauke mota. Idan yana ƙasa, kamar a Hilux mai jan ƙafa huɗu, ɗaga ta zai yi.

Matsalar tana wajen tashi. Bulo yana nisanta aksul daga sifirin, don haka da direba ya take totur, aksul ya fi samun damar murɗe sifirin. Sifirin ya lanƙwashe ya sake, tayar baya ta shiga tsalle maimakon kama ƙasa. Tsallen nan kan karya gaɓar farfela. Shi ya sa masu tsere ke son gajeren bulo, ba sa ɗora ɗaya kan ɗaya, kuma suna sa sababbin ƙusoshin riƙo dogaye da sandar hana murɗewa.

Su filinsu a shafe yake sumul. Motar da ke bin hanyar Tsafe ko Bungudu kuwa, ga ramuka ga buhunan hatsi. Sifirin ya riga ya matso ƙasa. Taya na fashewa, farantinsa na iya kartar titi kafin direba ya farga.